Daga ruwan kankana zuwa gaɓɓan hannu: tarihin binciken sitrulin da cutar amosanin gaɓɓai (1800-2024)

Gabatarwa

Akwai wata cuta da ke kama ƙananan gaɓɓai na hannu da na ƙafa, dama da hagu a lokaci guda, ta kumbura su, ta sandarar da su da safe, in kuma aka bar ta shekaru sai ta cinye guringuntsi da ƙashi har yatsu su karkace, mai ita ya kasa riƙe taɓarya ko alƙalami. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata polyarthrite rhumatoïde. Bahaushe kuwa yakan haɗa ta da sauran ciwon gaɓɓai, ya ce amosani ko sanyin ƙashi. A cikin wannan maƙala, duk inda muka ce amosanin gaɓɓai, wannan cuta kaɗai muke nufi. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da ita, kuma kashi 70 cikin 100 daga cikinsu mata ne.

Manufarmu a nan ita ce mu bi sawun tambaya guda, tun daga ranar da aka fara yin ta har zuwa yau: mene ne garkuwar jiki take gani a cikin gaɓa har ta auka mata kamar ta ga abokin gaba? Amsar da aka samu a 1998 ita ce wani ɗan sauyi da ke aukuwa ga furotin bayan jiki ya gama ƙera shi. Za mu duba yadda aka kai ga wannan amsa, da yadda sunayen da masana suka riƙa laƙaba wa abubuwa suka taimaka a wani wuri, suka kuma ɓatar da hanya a wani wuri.

1. Cutar da sunayenta

A shekara ta 1800, wani matashin likita mai suna Augustin Jacob Landré-Beauvais ya gabatar da kundin digirinsa a birnin Faris, bisa mata tara da ya duba a asibitin Salpêtrière. A zamanin nan likitocin Turai sun saba da cutar da Faransawa ke kira goutte, wadda ta fi kama maza masu wadata, masu yawan cin nama da shan giya, kuma takan fara daga babban yatsan ƙafa. Matan da ya duba kuwa talakawa ne, ramammu, ciwon ya kama musu gaɓɓai da yawa, kuma ba ya tafiya ya dawo yadda goutte take yi. Duk da haka bai raba ta da tsohon sunan ba, sai ya ƙara masa sifa, ya kira ta goutte asthénique primitive, watau goutte ta masu raunin jiki.

Wanda ya raba su shi ne Alfred Baring Garrod na birnin Landan. A 1848 ya nuna cewa jinin masu goutte cike yake da wani sinadari, asid urik, wanda ba ya yin yawa a jinin masu ɗaya cutar. A 1859 ya raɗa mata sunan da ya zama tushen wanda ake amfani da shi yanzu. A cikin sunan akwai kalmar Girkanci rheuma, mai ma'anar kwarara, domin tsoffin likitoci sun ɗauka wani mugun ruwa ne ke gangarowa daga kai ya taru a gaɓɓai. Sunan ya zauna, bayanin da ya haife shi kuwa ya mutu. Haka ma Bahaushe ya jingina ciwon ga sanyi, domin a lokacin sanyi ne mai shi ya fi jin jiki.

2. Jiki mai yaƙar kansa

A ƙarshen ƙarni na 19 aka gano cewa jini yana ƙera wasu furotin na tsaro, waɗanda za mu kira antikor bisa lafazin Faransanci, masu manne wa duk wani baƙon abu da ya shiga jiki. A tsakanin 1900 da 1901, Paul Ehrlich da Julius Morgenroth suka yi gwaji da awaki a Jamus. In an sa wa akuya jinin wata akuya sai ta yi antikor a kansa, amma ba ta yin wanda zai ɓata nata jinin. Ehrlich ya kira wannan kariya horror autotoxicus da Latinanci, watau ƙyamar da jiki ke yi wa cutar da kansa. Mabiyansa suka mai da kalmar tamkar doka, har aka yi rabin ƙarni ba a cika sauraren wanda ya zo da akasinta ba, ko da yake tun 1904 Julius Donath da Karl Landsteiner sun sami antikor mai fasa jinin mai shi. Sai a 1956, da Noel Rose da Ernest Witebsky a Amurka, da Ivan Roitt da Deborah Doniach a Ingila, suka tabbatar da cewa garkuwar jiki tana iya lalata maƙoƙon mai ita, sa'an nan aka yarda.

Game da gaɓɓai, Erik Waaler na birnin Oslo ya lura a 1937 cewa ruwan jinin wani majinyaci yana dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya waɗanda aka lulluɓe da antikor na zomo. Ya buga sakamakon a 1940, yaƙi ya binne shi, har Harry Rose ya sake gano shi a New York a 1948. Wannan shi ne facteur rhumatoïde, antikor mai kama wani antikor ɗan'uwansa. Ana samunsa ga kimanin kashi 70 cikin 100 na masu amosanin gaɓɓai. Aibinsa shi ne ana kuma samunsa ga masu tarin fuka, da masu ciwon hanta, da masu zazzaɓin cizon sauro, da tsofaffi masu lafiya. Ke nan shaida ce mai rauni, kuma bai faɗi abin da garkuwar jiki take nema a cikin gaɓar ba.

3. Furotin, rubutu da fassara

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mu tsaya kan furotin kansa. Kalmar ta fito a 1838 daga alƙalamin Gerardus Mulder na Holand, bisa shawarar Berzelius, kuma asalinta Girkanci ne, ma'anarta na sahun farko. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira asid amino, iri 20, waɗanda ke jeruwa kamar haruffa a cikin kalma. Frederick Sanger ne ya fara karanta jerin wani furotin daga farko zuwa ƙarshe, watau insulin, a farkon shekarun 1950. Zuwa 1966 an gama fahimtar yadda kowane harafi uku na ADN ke nuna asid amino ɗaya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, masanan sun ari kalmomin aikinmu. Kwafe saƙon ADN suka kira shi transcription, juya saƙon ya zama furotin kuma suka kira shi traduction, fassara. Duk wani gyara da aka yi wa furotin bayan haka sai aka ce masa modification post-traductionnelle, sauyin bayan fassara. Irin waɗannan sauye-sauye sun kai ɗaruruwa. Akan liƙa wa furotin fosfat, ko sukari, ko asetil, akan kuma guntule masa wani ɓangare. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun nuna a 1955 cewa liƙa fosfat da cire shi ne ke kunna wani anzim na tsoka ya kuma kashe shi, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1992. Da wannan dabara ne jikin ɗan Adam, mai ƙwayoyin gado kimanin 20.000 kacal masu ƙera furotin, yake samun sifofin furotin da suka ninka wannan adadi sau da yawa.

Daga nan wata matsala ta taso. Garkuwar jiki tana koyon sanin nata tun kafin haihuwa da lokacin ƙuruciya, ana gabatar mata da furotin na jiki, ana kawar da ƙwayoyin tsaron da suka nuna za su far musu. To in wani furotin ya sauya daga baya, a cikin gaɓa ko huhu, ta hanyar da ba a nuna mata ba a wancan karatu, yana iya zame mata baƙo. Mai karatun Hausa ya san girman aikin ƴar lanƙwasa: tsakanin kafa da ƙafa, ko daki da ɗaki, tazarar ba ta fi ɗigon tawada ba, amma ma'ana ta rabu.

4. Daga kankana zuwa gashi

A 1914, wasu masana biyu na Japan, Koga da Odake, suka tace wani sinadari daga ruwan kankana. A 1930 Mitsunori Wada ya bayyana ƙirarsa, ya kira shi sitrulin, daga Citrullus, sunan Latinanci na dangin kankana. A cikin dangin nan ne gunarmu da kwartowa suke, kuma wani bincike na 2021 ya nuna cewa kankanar daji ta Kordofan, a Sudan, ita ce mafi kusanci da kankanar da ake nomawa. Shekara biyu bayan aikin Wada, a 1932, Hans Krebs da Kurt Henseleit suka gano cewa sitrulin na cikin zagayen da hanta ke bi wajen mai da amoniya ta zama ure, ta fita ta fitsari.

Sitrulin asid amino ne, amma ba ya cikin ashirin ɗin nan, kuma ADN ba shi da harafin da ke nuna shi. Don haka sitrulin na kankana ba ya shiga sarƙar furotin, shan kankana kuma ba shi da wata alaƙa da cutar da muke magana a kai. Saboda wannan ne aka yi mamaki a 1958 da George Rogers da Simmonds na Ostareliya suka same shi a cikin furotin na saiwar gashi. Ta ina ya shiga? A 1977 Rogers da abokan aikinsa suka nuna cewa wani anzim ne ke zuwa kan furotin da aka gama ƙerawa, ya mai da arjinin da ke cikinsa ya zama sitrulin. A 1981 Fujisaki da Sugawara na Japan suka tace shi daga fatar jinjirin ɓera, suka ba shi sunan da ake taƙaitawa PAD. Ɗan Adam yana da iri biyar.

Aikin PAD ɗan kaɗan ne. Yakan ɗauki ruwa ya saka, ya fitar da amoniya, nauyin furotin ya ƙaru da abin da bai cika dalton ɗaya ba, watau kimanin nauyin ƙwayar haidrojin guda. Amma arjinin yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ƙari (+), sitrulin kuwa ba shi da caji. Da cajin ya tafi sai naɗin furotin ya sassauta, sifarsa ta sauya. Anzim ɗin ba ya aiki sai da kalsiyom mai yawa, wanda ya fi abin da ke cikin lafiyayyar ƙwayar jiki. Ke nan yana farkawa ne a inda ƙwayoyi ke mutuwa: a saman fata da saiwar gashi, inda mutuwar tsari ce na halitta, da kuma duk inda ake kumburi. Shekara arba'in wannan ilimi yana hannun masu nazarin gashi da fata, likitocin gaɓɓai ba su waiwaye shi ba.

5. Sunaye uku, abu ɗaya

A 1964, Nienhuis da Mandema na Groningen, a Holand, suka kankaro ƙwayoyin cikin kunci, suka zuba musu ruwan jinin masu amosanin gaɓɓai, sai suka ga antikor ya manne wa wasu ƴan dunƙule da ke kewaye da cibiyar ƙwayar. Suka kira shi bisa wurin da suka gan shi, facteur antipérinucléaire. Gwajin ya fi na Waaler rarrabewa, amma bai yaɗu ba, domin mutane kaɗan ne ƙwayoyin kuncinsu suka dace da aikin. A 1979, Young da abokan aikinsa a Ingila suka sami antikor mai manne wa busasshen ɓawon da ke shimfiɗe cikin maƙoshin ɓera. Da yake keratin ne ya fi yawa a wurin, sai suka ce antikor ne na keratin. A 1994 kuma Després da Ménard na Sherbrooke, a Kanada, suka bayyana na uku, suka kira shi anti-Sa, bisa haruffan farko na sunan majinyacin da aka fara samunsa a jininsa.

Suna na biyu ya sa an daɗe ana neman abu inda ba ya nan. Ƙungiyar Guy Serre ta birnin Tuluz ce ta warware ƙullin. A 1993 suka nuna cewa abin da antikor ɗin ke kamawa filagrin ne, wani furotin mai ɗaure zaruruwan keratin a cikin fata. A 1995 suka nuna cewa antikor na Groningen da na Ingila abu ɗaya ne. Sai dai amsar ta zo da sabuwar tambaya, domin babu filagrin a cikin gaɓa. Yaya za a yi cutar gaɓɓai ta zo da antikor na furotin fata?

A 1998, Gerard Schellekens da Walther van Venrooij na Nijmegen suka haɗa guntayen filagrin a ɗakin bincike. Guntun da ke da arjinin, antikor bai kula shi ba. Da suka sa sitrulin a gurbin arjinin ɗin, sai ya kama. A 1999 ƙungiyar Tuluz ta tabbatar da haka ta wata hanya. Filagrin dai ya shigo labarin ne domin yana cikin furotin da PAD ke sauyawa a lafiyayyen jiki, kuma yana da sauƙin samu. Waɗanda ake nema a cikin gaɓa suka biyo baya: fibrin mai sitrulin a 2001, daga Tuluz, sai vimentin a 2004, wanda ya zamana shi ne Sa na Kanada, sai alfa-enolaz a 2005, daga Landan. Sunaye uku suka koma ɗaya, ACPA, watau antikor na furotin mai sitrulin.

Amfanin ya bayyana nan da nan. A 2000 mutanen Nijmegen suka lanƙwasa guntun furotin ya zama zobe domin sitrulin ya fito fili, suka yi gwajin jini da ake kira anti-CCP. Wani nazari na 2007 da ya tattara bincike masu yawa ya sami cewa gwajin yana gano kashi 67 cikin 100 na masu cutar, kusan daidai da tsohon gwaji mai kashi 69, amma cikin mutum 100 da ba su da ita, biyar kawai yake yi wa ƙarya, tsohon kuwa goma sha biyar. A 2010 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da na Turai suka sa shi cikin ma'aunin tantance cutar.

6. Gado, hayaƙi da dasashi

Ba da daɗewa ba aka gane cewa furotin mai sitrulin yana nan a kowace gaɓa mai kumburi, kowane ne sanadin kumburin. Abin da ya keɓanta ga masu amosanin gaɓɓai shi ne jikinsu yana yin antikor a kansa. To me ya sa su kaɗai?

Kashin farko na amsar gado ne. Ƙwayoyin jiki suna da wasu furotin a bayansu, HLA, waɗanda Jean Dausset na Faris ya fara ganowa a 1958. Aikin wasunsu shi ne su riƙe guntun furotin a cikin wani kwari, su nuna wa ƙwayoyin tsaro. A 1978 Peter Stastny ya nuna cewa nau'in DR4 ya yi yawa ga masu cutar. A 1987 Gregersen, Silver da Winchester suka lura cewa duk nau'o'in da ke jawo ta sun yi tarayya a jerin asid amino biyar, daga gurbi na 70 zuwa na 74, abin da Faransanci ke kira épitope partagé, mu kuma za mu ce tambarin tarayya. Shekara goma sha shida ba a san abin da tambarin ke yi ba. A 2003 Jonathan Hill da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa yana kafa wani aljihu mai cajin ƙari. Arjinin ma cajin ƙari gare shi, don haka suna ture juna. Sitrulin marar caji kuwa sai ya shige ya zauna daram, a nuna shi ga ƙwayoyin tsaro.

Kashi na biyu shi ne lokaci. A 2003 a Umeå ta Suwidin, da 2004 a Amsterdam, aka koma ga jinin da wasu mutane suka bayar tun suna lafiya, kafin cutar ta bayyana gare su. A Amsterdam, cikin mutum 79, kusan rabi suna da antikor tun kafin ciwo, a matsakaici da shekara huɗu da rabi, wani ma da kusan shekara 14. Wannan ya nuna cewa rikicin yana farawa a wani wuri kafin ya isa gaɓa. A 2006 Lars Klareskog na Stockholm ya nuna huhu: a huhun masu shan taba akwai furotin mai sitrulin, kuma mashayin da ya gaji tambarin tarayya daga uwa da uba, haɗarin kamuwarsa da nau'in cutar mai ACPA ya ninka na wanda ba ya sha kuma bai gada ba sau 21. Ƙurar dutse ma tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, kuma tun 1953 Anthony Caplan ya bayyana haɗuwar cutar da ciwon huhu ga masu haƙar kwal na Wales.

Wuri na biyu shi ne baki. A 1999 aka gano cewa Porphyromonas gingivalis, ƙwayar cutar da ke ruɓar da dasashi, tana da nata anzim mai yin sitrulin. A 2016 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa wata ƙwayar ta baki, Aggregatibacter actinomycetemcomitans, tana fitar da dafi mai huda fararen ƙwayoyin jini, kalsiyom ya kwarara ciki, PAD ya farka ya sauya furotin barkatai. Wani reshe na wannan ƙwaya, JP2, mai dafi fiye da sauran, ya fi yawa ga mutanen arewaci da yammacin Afirka, an kuma bi sawunsa ga matasa a Maroko da Gana. Su kansu fararen ƙwayoyin, kamar yadda aka gano a Berlin a 2004, sukan fashe su watsa ADN ɗinsu kamar taru don kama ƙwayoyin cuta, kuma tarun yana fita da furotin mai sitrulin. Ke nan makamin tsaro ne yake samar da abin da tsaron zai koma ya yaƙa.

7. Sauran sauye-sauye

Sitrulin ya buɗe ƙofa ga ƴan'uwansa. A 2011 a Leiden aka sami antikor na furotin da sinadarin siyanat ya sauya wa lizin, har ga wasu majinyatan da ba su da ACPA. Misali mafi bayyana kuwa shi ne cutar hanji da alkama ke tayarwa, maladie cœliaque. Likitan yara Willem Dicke ya lura cewa yaran da ke fama da ita sun sami sauƙi lokacin yunwar da ta auka wa Holand a 1944-1945, da burodi ya ɓace, suka kuma koma ciwo da ya dawo. A 1997 aka gano a Berlin cewa antikor na masu cutar yana kama wani anzim na hanji, transglutaminaz. A 1998, a Oslo da Leiden, aka nuna aikin anzim ɗin: yana mai da glutamin na furotin alkama ya zama glutamat mai cajin ragi (-), wanda ke shiga aljihun HLA-DQ2 da DQ8 masu son irin wannan caji. Tsarin ɗaya ne da na gaɓɓai, alamar cajin ce kawai ta juya. An daɗe ana ɗaukar cutar ta Turawa ce, sai ga binciken 1999 ya same ta ga kashi 5,6 cikin 100 na yaran Saharawi. Gero da dawa da shinkafa ba su da wannan furotin. A ciwon sukari na yara ma, an nuna a 2016 cewa guntun insulin yakan haɗe da guntun wani furotin, su zama kalmar da babu ita a ADN, ƙwayoyin tsaro su far mata.

Magunguna su ma ta nan suke bi. Aspirin, wanda aka haɗa a 1897, an gano a 1975 cewa yana liƙa asetil ne a kan anzim mai haddasa kumburi, ya kashe shi. Tofacitinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2012, yana hana liƙa fosfat ne a kan furotin masu isar da saƙon kumburi cikin ƙwaya.

8. Afirka ta Yamma

A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a asibitin jami'ar Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan da jiki ke yaƙar kansa ba su da yawa ga ƴan Nijeriya, ya kuma yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsi ne ke shagaltar da garkuwar jiki. A 1971 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa facteur rhumatoïde ya yawaita a jinin mutanen da ba su da ciwon gaɓɓai ko kaɗan. A 1993 wani bincike a ƙauyukan kudu maso yammacin Nijeriya ya duba mutum kusan 2.000 bai sami mai cutar ko ɗaya ba. Daga nan maganar cewa baƙar fata ba ya yin ta ta zauna a littattafai. Amma tun 1975 an ga cewa ta fi yawa a Soweto bisa ƙauyukan Afirka ta Kudu, kuma a 2010 Olufemi Adelowo ya bayyana majinyata 200 daga ɗakin duba marasa lafiya guda a Legas. A shekarar nan kuma wani bincike a Kamaru ya sami cewa gwajin anti-CCP yana aiki sosai ga majinyata na can, ko da yake ƙasa da kashi ɗaya bisa uku ne ke ɗauke da tambarin tarayya, alhali a Turai yawancin masu cutar suna da shi. Darasi biyu ke nan. A ƙasar da zazzaɓin sauro da ciwon hanta suka yawaita, tsohon gwaji ya fi yin ƙarya, sabon ya fi amfani. Sa'an nan bayanin gado da aka gina kan mutanen Holand da Suwidin bai isa a ɗora shi kan kowa yadda yake ba.

Kammalawa

Daga kundin Landré-Beauvais zuwa gwajin Nijmegen shekara 198 ne. Sinadarin da ake nema yana cikin littattafai tun 1930, anzim ɗinsa tun 1977, amma kowane yana ɗakin wasu masana dabam, ƙarƙashin suna dabam. Game da rawar da ACPA ke takawa a cikin gaɓa, sakamako ya zo ta fuska biyu: a 2012 an nuna wasunsu suna zuga ƙwayoyin da ke cin ƙashi, a 2023 kuma an sami wasu da suka kare ɓeraye daga kumburin gaɓa. Matsayinsu na alama kuwa ya tabbata, har an fara gina rigakafi a kansa. A 2024 aka buga gwajin da aka yi wa mutum 213 a Ingila da Holand, masu ACPA da ciwon gaɓa amma ba kumburi tukuna. Bayan shekara ɗaya ana ba su maganin abatacept, kashi 6 cikin 100 ne suka kamu, a cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa kashi 29. Shekara ɗaya bayan an tsai da maganin tazarar ta ragu, ta koma 25 da 37.

Ga mai karatu na Maraɗi ko Damagaram, abin da wannan tarihi ya bari a hannu mai sauƙi ne. Kumburin ƙananan gaɓɓan hannu biyu, tare da sandarewar safe da ta wuce rabin sa'a, in ya ɗauki makonni, cuta ce mai suna da gwajin jini da magani, irin su metotreksat wanda ake amfani da shi tun shekarun 1980. Ƙashin da ta riga ta ci ba ya dawowa, don haka watannin farko su ne masu tsada. Muddin kalma ɗaya, sanyin ƙashi, ta rufe ciwon tsufa da wannan cuta gaba ɗaya, majinyaciya za ta jira wucewar hunturu kafin ta nufi likita. Raba sunayen biyu a bakin ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo aiki ne da ya dace masana harshe da likitoci su zauna su yi tare.